Sulke, Lifidi da Kwalkwali: Ma'ana da Tarihin Kayan Kare Kai a Fagen Fama

(Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai)

 

Da farko ina godiya ga kwamitin shirya taro da ya ba ni wannan dama, ko da yake lokacin da Sakatare ya ji kan maganar da na zaɓa sai da ya tambaye ni ko an mai da ni aikin soja ne bai sani ba. Ba a mai da ni ba. Har yau fayil nake juyawa a ofis, kuma makamin da na fi ƙwarewa a kansa shi ne jan biro. Abin da ya kawo ni ga wannan magana yana cikin ɗan ƙyallen nan da kuke gani a hannuna. Zobba ne na ƙarfe guda 11, kuma su kaɗai suka rage daga sulken kakan mahaifina, wanda barde ne na wani hakimi a ƙasar Kano kafin zuwan Turawa. Ina yaro na sha ganin rigar a cikin adaka a ɗakin kakata, an naɗe ta da tsohon saƙi, ni kaɗai ba na iya ɗaga ta. Ina aji uku a wannan makaranta na koma hutu na tarar babu ita. Wani dillalin kayan da ya zo ya saye ta a kan kuɗin da bai kai na buhun gero biyu ba. Waɗannan zobban a gindin adakar na tsince su. Tun daga ranar nake bin diddigin abin, in ga me muka sayar.

Bari mu fara da sunaye, domin yaranmu na yanzu duk abin da suka gani a hawan salla sai su ce kayan sarauta ne kawai. Sulke riga ce da aka saƙa da ƙananan zobban ƙarfe. Kwalkwali hula ce ta kare kai, wadda akan ƙawata da gashin jimina. Lifidi kuwa tufa ce mai kauri da ake ɗurawa audugar rimi a ɗinke ta layi-layi kamar katifa, a rufe doki da ita tun daga wuya har gindi, shi ma mahayin ya sa tasa. Masana harshe sun ce kalmar daga Larabci ta zo. Sai garkuwa, wadda ake yi da fatar giwa ko ta ɓauna, mafi daraja kuma ita ce ta fatar warwaji da ake kawowa daga ƙasar Asbin. Abin da ya raba waɗannan da takobi da mashi da kibiya shi ne, su ba sa kashe kowa. Aikinsu ɗaya ne, su sa mutum ya koma gida da ransa. Shi ya sa Bahaushe ya ɗauki kalmar garkuwa ya mai da ita sarauta, ya kuma kira duk wanda ke tare wa jama'a masifa da garkuwarsu. Yau ma muna cewa mota mai sulke, muna cewa garkuwar jiki idan ana maganar cuta.

Tarihin abin ya tsufa ƙwarai. A tsohon birnin Ur da ke ƙasar Iraƙi ta yau, masu tonon kayan tarihi sun haƙo kwalkwali na zinariya da hotunan dakaru sanye da hulunan tagulla, waɗanda shekarunsu suka kai kimanin 4,500. Girkawa sun yi ta yaƙi da hular tagulla da faffadar garkuwa, Rumawa kuma suka yaɗa sulken zobba a duk faɗin daularsu. Ba zan tsaya a kansu ba. Inda nake so mu ɗan zauna shi ne wajen da addininmu ya taɓo maganar, domin a nan ne ma'anar take.

Alƙur'ani mai girma ya ambaci sana'ar sulke a Suratul Anbiya'i da Suratu Saba'i, inda aka nuna cewa Allah ya tausasa wa Annabi Dawuda, alaihis salam, ƙarfe, ya koya masa ƙera sulke domin ya kare mutane a lokacin yaƙi, aka kuma umurce shi da ya daidaita saƙar. Wato an lissafa sulke a cikin ni'imomin da ake gode wa Allah a kansu. A ranar Uhudu, shekara ta 3 bayan Hijira, wato 625 Miladiyya, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, sulke biyu ya sa, ɗaya a kan ɗaya. Duk da haka an ji masa rauni, har zobba biyu na kwalkwalinsa suka nutse a kumatunsa, Abu Ubaida ɗan Jarrahu ya ciro su da haƙoransa, haƙoran gabansa biyu suka fita. Malamanmu na Addini da ke zaune a nan sun fi ni sanin wannan ƙissa, su suka koya mana ita. Abin da nake so a riƙe shi ne, wanda ya fi kowa tawakkali bai ɗauki sa sulke a matsayin tsoro ko raunin imani ba. Zan dawo kan wannan.

To, yaya ake yin sulke? Maƙeri yakan ja ƙarfe ya zama waya, ya nannaɗe wayar a jikin sanda, ya yanka ta zobe-zobe. Sai ya dandaƙe bakin kowane zobe ya yi faɗi, ya huda shi, ya zura shi cikin maƙwabtansa guda huɗu, sannan ya sa 'yar ƙusa ƙarama kamar ƙwayar gero ya dake ta. Haka zai yi ta yi har sau dubu ashirin ko talatin kafin riga ɗaya ta kammala, nauyinta kuma ya kai kilo 10 ko fiye. In kun duba zobban nan nawa za ku ga kan 'yar ƙusar a jikin kowanne. Wannan ita ce alamar sulke na ƙwarai. Akwai na baya-bayan nan da ake haɗa bakin zoben kawai ba ƙusa, wanda ya isa ado a hawa amma mashi na taɓa shi zai buɗe. Sulke yana hana kaifi shiga jiki, amma ba ya hana ƙashi karyewa idan an doki mutum da gatari ko kulki, don haka dole a sa riga mai kauri a ƙarƙashinsa. Ga tsatsa kuma, kullum sai an goge da rairayi da mai. Ku dubi wannan aiki ku gane dalilin da ya sa da wuya talaka ya mallaki sulke.

A ƙasar Hausa, littafin Tarihin Kano, wanda Bature H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ce Sarkin Kano Kanajeji ɗan Yaji, wanda ya yi sarauta daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Littafin ya faɗi dalili kuma: ɓarnar da aka yi wa rundunarsa a yaƙin Umbatu ce ta sa. Ashe ba don ƙawa aka fara ba, sai da aka binne mutane. Yawancin sulken da ke ƙasar nan ta Hamada ya ƙetaro, daga Masar da Arewacin Afirka, a bayan raƙuma, tare da dawakai da takubba. Wani masani mai suna A. D. H. Bivar ya zagaya fadojin Arewa ya duba irin waɗannan kaya, ya fitar da littafi a kansu a 1964. Shi kuwa lifidi a gida ake yin sa, da audugar riminmu da allurar maɗinkanmu.

Ni a ganina lifidi ya fi sulke nuna basirar kakanninmu, ko da yake sulke ya fi shi kwarjini. Babban abin tsoro a yaƙin ƙasar nan ba takobi ba ne, kibiya ce mai dafi. Maharba sukan dafa 'ya'yan kwankwani su shafa wa kan kibiya, ko ƙwarzane ta yi wa doki ya gama yawo. Kibiya tana iya ratsa ramin zobe ta taɓa fata, amma idan ta shiga audugar da aka danne sai ƙarfinta ya mutu, ta tsaya tana reto. Saboda haka 'yan lifidi ake sawa gaba su sha ruwan kibau, su fasa sahun abokan gaba, sannan barade masu saurin dawaki su bi ta ɓarakar. Akwai Sarkin Lifidi da ke shugabantar su, kuma sau da yawa bayin sarki ne, domin sarki ne ke da kayan, shi ke raba su ga wanda ya amince wa. Wani abin mamaki, mutanen Aztek na ƙasar Meziko su ma da rigar auduga mai kauri suke yaƙi, har Sifaniyawan da suka ci su da yaƙi a 1521 da yawansu suka koma sa irin ta 'yan ƙasa, don ta fi dacewa da zafi da kibau. Ba su san mu ba, ba mu san su ba, amma matsala ɗaya ta haifi dabara ɗaya.

Sai dai kowace kariya da kuɗin da take ci, ba na aljihu kaɗai ba. Lifidi yana da nauyi da zafi, doki ba ya iya dogon gudu a cikinsa, yana kama wuta idan an harbo kibiya mai wuta, wanda ya faɗo kuma da ƙyar ya tashi. A Tabkin Kwatto, cikin watan Yuni na 1804, Sarkin Gobir Yunfa ya zo da 'yan lifidinsa da mayaƙan Azbinawa, jama'ar Shehu Usmanu kuwa, waɗanda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo yake cikin jagororinsu, dawakinsu 'yan kaɗan ne, yawancinsu maharba ne a ƙasa. Amma su suka yi nasara. Irin wannan ta faru a Turai a 1415, a wani fili da ake kira Ajinkot a Faransa, inda manyan baraden Faransa suka taho cikin rigunan farantin ƙarfe masu nauyin kilo 20 zuwa 25, suka shiga gonar da ruwan sama ya mai da taɓo, suka gaji tun kafin su isa, maharban Ingila da suke kusan ba komai a jikinsu suka gama da su. Wanda ya fi kaya ba lallai ne ya fi sa'a ba, musamman in ya bari aka zaɓa masa filin da za a kara.

Abin da ya karya sulke gaba ɗaya shi ne albarushi. Maƙeran Milan da Nurembag sun yi ta ƙara wa farantin ƙirji kauri, har sukan harbe shi da bindiga su bar lotsawar a jiki ta zama shaida ga mai saye. Amma bindiga na ƙara ƙarfi, ƙarfe na ƙara nauyi, har ya kai mutum ba ya iya ɗauka, sai sojojin Turai suka yar da yawancinsa tun kafin 1700. Mu a nan abin ya jinkirta, domin bindigogin da suka iso mana ba su da yawa, ga jinkirin ɗuri. Mai Idris Alooma na Barno ya samo 'yan bindiga daga Turkawa tun ƙarni na 16, amma a 1823, da Dixon Denham ya isa Kukawa, dawakin Shehu Laminu da suka tarye shi cikin sulke suke. Abokin tafiyarsa Hugh Clapperton ya ga alamar abin da ke tafe a 1826, lokacin da ya raka rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello zuwa garin Konya na Gobirawa. Ya ba da labarin yadda sai an taimaka wa 'yan lifidi kafin su hau doki, da yadda harbi ɗaya daga cikin ganuwa ya kayar da na gabansu.

Ƙarshen ƙarnin ne ya zo da bala'in sosai. A Omdurman ta ƙasar Sudan, ranar 2 ga Satumba 1898, rundunar Halifa Abdullahi, wadda wasu manyanta ke sanye da sulke da kwalkwali, ta fuskanci bindigar Maxim mai aman harsashi ɗaruruwa a minti ɗaya. Kafin azahar an kashe musu mutum wajen 10,000, ɓangaren Kitchener kuwa waɗanda suka mutu ba su kai 50 ba. Shekara biyar bayan haka abin ya zo kanmu. Kano ta faɗi ranar 3 ga Fabrairu 1903. A ƙarshen watan, a Kwatarkwashi, dawakin Kano ƙarƙashin Waziri Ahmadu suka yi ta kai sukuwa kan sojoji 'yan kaɗan da suka yi sahu mai kusurwa huɗu, Waziri ya yi shahada a wurin. Ranar 15 ga Maris aka kara a Sakkwato, ranar 27 ga Yuli kuma Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi a Burmi. Waɗannan mutane ba jarumtaka suka rasa ba. Kariyar da suka gada an yi ta ne don kibiya da takobi, aka zo musu da abin da ba a ƙera ta dominsa ba. Daga baya sulke da lifidi suka bar fagen fama suka koma filin hawan daba.

Da an ce labarin ya ƙare a nan, da sai mu ce bindiga ta ci. Amma a Yaƙin Duniya na Ɗaya sojojin Turai sun shiga ramuka da hulunan ƙyalle, ɓarɓashin bama-bamai ya yi ta fasa musu kai, sai ga kwalkwali ya dawo da sabon suna. Faransa ta fitar da hular ƙarfe a 1915, Ingila ta bi da tata wadda John Brodie ya zana, mai kama da kwanon sha, Jamus ta fito da tata a 1916. A watan Satumba na 1916 kuma Ingila ta fara sa tankar yaƙi a fagen Som, wato an cire sulken daga jikin mutum an sa wa inji, mutum ya shiga ciki. A 1965 wata mata masaniyar haɗa sinadarai a Amurka, Stephanie Kwolek, ta gano zaren da ake kira Kevlar, wanda idan aka jera saƙarsa hawa-hawa yakan riƙe harsashi kamar yadda raga ke riƙe ƙwallo. Ku lura, dabarar lifidi ce ta dawo, a tara laushi har ya cinye ƙarfin abin da aka harbo. Sai dai a sani, rigar Kevlar zalla harsashin ƙaramar bindiga take tarewa. Na AK-47 sai an zura mata faranti na ƙarfe ko na wani irin tangaran mai tauri a gaba da baya, nauyi ya sake komawa inda sulken kakanmu yake. 'Yan ajinmu da ke aikin soja da ɗan sanda, waɗanda wasunsu ba su samu zuwa yau ba saboda suna bakin daga, su za su gaya muku yadda wannan kaya yake a zafin watan Afrilu. Allah ya kare su.

Yanzu in koma kan maganar da na ce zan dawo mata. Kusa da sulken ƙarfe, ƙasar nan ta daɗe da wani sulken, na layu da guraye da maganin ƙarfe da maganin bindiga. Ba mu kaɗai ba ne. A Tanganyika, daga 1905 zuwa 1907, an gaya wa masu tawayen Maji Maji cewa wani ruwa zai mai da harsashin Jamusawa ruwa, aka kashe su dubbai. Na san akwai masu ra'ayi daban a ɗakin nan, kuma ba na raina addu'a. Amma barden da ya rataya laya, a kan sulke ya rataya ta, bai taɓa barin sulken a gida ba. Mu ne muka zo muka riƙe layar muka yar da ƙarfen. Yau matasan ƙauyukanmu suna fita sintiri su tari 'yan fashin daji da rigar layu da bindigar toka, wani ya karɓi kuɗinsu ya ce harsashi ba zai ci su ba. Duk wanda ke da ƙane ko ɗa a cikinsu ya zauna da shi ya gaya masa ƙissar Uhudu.

Ba sai an je daji ba ma. A 1935 wani shahararren sojan Ingila, T. E. Lawrence, ya faɗi a kan babur ya mutu da raunin kai. Ɗaya daga cikin likitocin da suka duba shi, Hugh Cairns, ya bi maganar da bincike har rundunar Ingila ta tilasta wa sojojinta masu babur sa hular kwano a 1941, daga nan abin ya bazu ga farar hula. A ƙasar nan, da aka fara tilasta dokar a watan Janairu na 2009, ina jami'a lokacin, da idona na ga 'yan acaɓa sun kifa ƙwarya da robar fenti a ka, muna ta dariya. Wasu suka ce ana sa asiri a cikin hular. Ba a yi shekara biyu ba muka je jana'izar ɗan ajinmu, wanda ke zama layi na biyu kusa da taga, ku da muka yi aji ɗaya kun san wanda nake nufi. Babur ya kayar da shi a kan hanyar zuwa ɗaurin aure, jikinsa ko ƙwarzane babu, kansa kawai ya bugi gefen kwalta. Allah ya jiƙansa da rahama. Na zagaya wajen ajiye ababen hawa kafin in shigo, na ƙirga babura 19 na mahalarta wannan taro, hular kwano 2 na gani.

Ina da roƙo biyu ga Shugaban ƙungiya. Na farko, a cikin kuɗin da muka ware wa makaranta bana a ɗebi na mota a kai 'yan aji biyar Gidan Makama a Kano tare da malamin Tarihi, su ga waɗannan kaya da idonsu. Na biyu, duk wanda ya san akwai tsohon sulke ko kwalkwali ko garkuwa a gidansu, ya ɗauki hotonsa, ya zauna da tsofaffi ya rubuta na wane ne da inda aka je da shi, ya kawo wa editan mujallarmu, tun kafin dillali ya riga shi. Ni zan ɗauki nauyin buga shafukan.

Zan miƙa zobban nan su zagaya, a fara daga teburin malamai. A duba 'yar ƙusar da kyau, sannan don Allah a dawo mini da su, na ƙirga su kafin in fito daga gida.